IDON RAGA YATSA UKU: DAGA MATAN FADA ZUWA TAFKIN MADARUNFA

Da yamma, in rana ta yi sanyi, mata masu suyar kifi sukan fito bakin hanya a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi. Kowace da kaskonta, da manta, da yajinta. Duk wanda ya tsaya ya leƙa cikin tire zai ga kifi iri biyu. Akwai kifin teku mai ƙanƙara, wanda ake kawowa cikin kwali daga nesa. Akwai kuma kifin gida, na tafki da na gulbi. To, shi na gidan ne abin dubawa. Sau da yawa ƙanana ne. Wata karfasar ba ta kai faɗin tafin hannun yaro ba. In an soya ta, ƙaya ta fi tsoka yawa.

Dattawan Maraɗi da na Tibiri da na Jiratawa sukan ce a da ba haka kifin gida yake ba. Ba su da sikeli a lokacin, amma suna da ido. Kuma mai suya ba ita ta ƙanƙantar da kifin ba. Abin da masunci ya kawo mata shi take soyawa. Shi ma masunci abin da ragarsa ta kama shi yake kawowa. Ashe maganar tana wurin raga.

Don a gane wannan magana da kyau, sai an bi ruwa an je wani gari mai nisa, inda ake wasa da kamun kifi, amma wasa mai doka.

RUWANMU YANA ZUWA ARGUNGU

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, cikin Najeriya. Ya wuce Jibiya, inda aka yi masa madatsa wajen shekarar 1990. Ya shigo Nijar, ya bi ta kusa da Madarunfa da Jiratawa, ya ratsa gindin Maraɗi, ya wuce Tibiri da Gidan Runji. Daga nan sai ya sake komawa Najeriya, ya faɗa cikin gulbin Rima. Shi kuwa gulbin Rima ya bi ta Sakkwato, ya gangara ƙasar Kabi. A can, kimanin kilomita 100 bayan Sakkwato, akwai garin Argungu. Watau ruwan da ya wuce ƙarƙashin gonakin fadamar Maraɗi da damina, in bai tsaya a hanya ba, ƙofar Argungu zai bi.

A Argungu akwai wani reshen gulbi da ake kira Matan Fada. A nan ake yin gasar kamun kifi da ta yi suna a duniya.

Su kam Kabawa masunta ne tun kaka da kakanni. Suna da al'adunsu na ruwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, tun kafin zuwan Turawa. Amma gasar da aka sani yanzu ta samo asali ne a shekarar 1934. A wannan shekara Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Kabi da Sakkwato sun daɗe suna gaba, an yi yaƙe-yaƙe da yawa tsakaninsu. Don haka zuwan Sarkin Musulmi babban abu ne. Sarkin Kabi ya tara masuntansa suka yi su a gaban baƙo, don girmama shi. Daga nan abin ya zama biki. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan biki cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Masunta daga Nijar ma suna zuwa su shiga.

HOMA DA GORA KAWAI

Ga yadda ake yi. Masunta dubbai su jeru nesa kaɗan da bakin ruwa. Kowa da homarsa, kowa da babbar gorarsa. Ba mai taɓa ruwa sai an buga bindiga. Da bindiga ta tashi sai su kwasa da gudu su faɗa ruwa gaba ɗaya. Makaɗa suna cikin kwalekwale suna kiɗa, suna kirari. Wajen awa ɗaya ake bayarwa. Wanda ya kama kifin da ya fi kowane nauyi, shi ya ci.

Homa raga ce ta hannu, mai baki da itace lanƙwasasshe. Masunci yakan riƙe biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya nutsa, ya haɗa bakinsu ya rufe kifi a ciki. Gora kuwa aiki biyu take yi. Ita ce jirginsa, don a kanta yake kifa ciki ya yi iyo. Ita ce kuma rumbunsa, don cikinta yake jefa abin da ya kama.

A wannan gasa ba a shiga da taru. Ba a shiga da birgi, ba a shimfiɗa kalli, ba a zuba mamari. Mai kuɗi da talaka kayansu ɗaya. Da za a bar kowa ya zo da abin da yake so, da mai babban taru da yara ashirin ya share ruwan cikin ɗan lokaci, sauran mutane su koma gida da jiƙaƙƙen wando. Da an yi haka, ba a gwada gwaninta ba, an gwada arziki ne.

Amma babbar dokar ba ta ranar gasa ba ce. Babbar dokar ita ce ta sauran kwanakin shekara. Wannan yanki na Matan Fada a rufe yake. Ba mai yin su a ciki sai ranar da aka buɗe. Sarkin Ruwa ne mai kula da shi, da izinin Sarkin Kabi. Mutane da yawa in suka ga hoton ƙaton kifi a kafaɗar masunci sai su ce asiri ne na Kabawa. To, ko ma da me Sarkin Ruwa yake shiga ruwa, wannan tsakaninsa da gadonsa ne. Abin da kowa zai iya gani da idonsa shi ne an ƙyale kifin ya girma.

Kifin da yakan ci gasar shi ne giwan ruwa. A 2005 wanda ya zo na ɗaya ya kama mai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi kan sikeli. A 2006 ba a shiga ruwa ba, don hukuma ta ga ruwan ya yi ƙasa ƙwarai. Bayan bikin 2009 aka daina yi har shekara goma. Da aka dawo a watan Maris na 2020, kifin da ya ci ya kai kilo 78. Watau ya fi rabin babban buhun gero nauyi nesa ba kusa ba. Mai shi ya samu miliyoyin naira, da motoci biyu, da kujerar hajji.

Inda kyauta ta yi girma haka, ba a rasa mai son zamba. A 2008 wani masunci ya fito da kifi mai wajen kilo 66, aka ba shi na ɗaya, aka yi ta tafi. Bayan an watse sai magana ta tashi tsakanin masunta. Aka bincika, aka gano kifin ya daɗe da mutuwa kafin a fito da shi daga ruwa. Daga wani wuri aka kawo shi. Aka karɓe masa nasarar. Abin lura a nan, masu sana'a ɗaya da shi su ne ba su yarda an rufe maganar ba. Masunci ya san kifin da ya mutu yanzu, ya san wanda ya kwana.

SU MA TURAWA DA TASU

A ƙasar Amurka akwai wani kifin ruwan daɗi da suke kira bas. Yana da babban baki, yana cin ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙwari, kamar dai halin giwan ruwa. Amma bai kama ƙafar giwan ruwa a girma ba. Mafi girma da aka rubuta an kama shi a 1932 a jihar Jojiya, nauyinsa kilo 10 ne da ɗan abin da ba a rasa ba. A 2009 aka kama kamarsa a ƙasar Japan. A Matan Fada mai irin wannan kifi ba zai ko matsa kusa da sikeli ba.

Duk da haka mutanen Amurka suna kashe dukiya mai yawa a kan wannan kifi. Da fatsa suke kama shi, watau sanda da zare da ƙugiya, irin wadda yara suke yi a bakin gulbi, sai dai tasu tana da ƙarfe mai naɗe zare. Wani mutum mai suna Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a 1967, daga baya ya kafa ƙungiyar masu kamun bas. Babbar gasarsu, Bassmaster Classic, an fara ta a 1971.

Akwai wata irin fatsa tasu mai ban sha'awa. Ba a sa tana, ba a sa tuwo a ƙugiya. Sai a samu gashin kaza ko gashin dabba, a ɗaure shi jikin ƙugiya da zare, har ya yi kama da ƙuda, ko fara, ko ɗan kwaɗo. Abin ba shi da nauyi, ba zai jefu ba. Don haka zaren ne ake yi da kauri da nauyi. Mai fatsa ya yi ta kaɗa sanda gaba da baya kamar bulalar makiyayi, sai zaren ya ɗauki ƙudan ƙarya ya ajiye shi a hankali kan ruwa. Kifi ya taso ya hadiye, ya ji ƙugiya. Sandar wannan fatsa doguwa ce, takan kai kusan mita 3.

To, a manyan gasannin bas mai wannan fatsa ya daɗe bai samu shiga ba. Doka ta faɗi irin sandar da za a riƙe, kuma shekara da shekaru ta ce kada tsawonta ya wuce ƙafa 8, watau wajen mita 2 da rabi. Sai a 2017 babbar ƙungiyarsu ta ƙara tsawon zuwa ƙafa 10. An yi ta gardama a kan wannan ƴar tazara, kamar yadda ake gardamar iyakar gona.

Sauran dokokinsu su ne suka fi shafar mai karatu. A yawancin gasanninsu kifi 5 kawai mutum zai kawo sikeli a yini. Kifin da bai kai tsawon da aka yanka ba, a mayar da shi ruwa nan take. Ba a sa abinci mai rai a ƙugiya. Kuma tun daga 1972 suka fara ajiye kifin da rai cikin akwatin ruwa a jirgi, a auna shi, a sake shi. Wanda kifinsa ya mutu, a rage masa awo. Mai jin yunwa zai ce wannan wasan ƙoshi ne, kuma da gaskiyarsa. Su ba don tukunya suke kamawa ba. Amma sun lissafa sun ga in kowace gasa ta kwashe manyan kifayen tafki, baɗi ba gasa.

Su ma suna da nasu ƴan zamba. A 2022, a wata gasar wani kifi dabam a tafkin Iri, an yanka cikin kifayen mutum biyu da ke shirin cin kyauta, sai ga dunƙulen darma an cusa a ciki don ƙarin nauyi. Kotu ta ɗaure su kwana 10, aka kuma ƙwace jirginsu.

A DAWO GIDA

Tafkin Madarunfa yana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita ashirin da ƴan kai. Shi ne babban ruwan da ba ya ƙafewa a wannan yanki. Gulbin Gabi da gulbin Maraɗi suke ba shi ruwa da damina. Da rani ya ja baya, ya bar laka, masu lambu su bi shi. Jama'a sun san shi da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, ana zuwa ziyara daga nesa. A 2019 an sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya, an rubuta faɗinsa hekta 524. Cikinsa akwai karfasa, da tarwaɗa, da gaiwa, da giwan ruwa.

Wannan tafki ba na masunta kaɗai ba ne. Makiyayi yana shayar da shanunsa a ciki. Mai lambu yana ɗiba. Mata suna wanki. Kuma yashi da ruwan sama ke kwasowa daga gonakin da aka sare wa itatuwa yana ta cike shi a hankali. Ruwa yana raguwa, masu jefa raga suna ƙaruwa.

A nan ba a gasa, ba a buga bindiga, ba a ba da mota. Amma akwai doka kan kayan su, kamar yadda take a Matan Fada. Dokar ƙasa da aka sa wa hannu ranar 7 ga Disamba 1998 ta hana abubuwa a fili. Ta hana kama kifi da guba. Ta hana nakiya, ta hana lantarki. Ta hana tarun da ake ja yana sharar ƙasan ruwa. Ta hana kuma duk ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, watau santimita 6 in an ja idon ya miƙe. A 2021 an yi sabuwar doka wadda ta haɗa har da kiwon kifi. Ma'aikatan gandun daji su ne masu kula da wannan aiki, a wurinsu ake karɓar takardar izinin su, a wurinsu kuma ake jin abin da sabuwar dokar ta ce dalla-dalla.

Me ya sa yatsa uku? Ga dalili. Karfasa uwa ce mai wahala da ƴaƴanta. In ta yi ƙwai, cikin bakinta take ɗauke su. Ba ta cin abinci sosai har su ƙyanƙyashe. Ko bayan sun fito, in sun ji tsoro bakinta suke komawa. Wanda ya kama irin wannan uwa, ba kifi ɗaya ya kama ba, ɗaruruwa ya kashe. Ita kuma ƴar karfasa tana bukatar watanni kafin ta isa yin ƙwai. Raga mai ido yatsa uku tana barin ta ta wuce, ta je ta girma, ta haihu ko sau ɗaya kafin ta shiga kasko. Raga mai ido yatsa ɗaya ba ta barin kowa.

Tarwaɗa kuwa da farkon damina take haihuwa. In sabon ruwa ya malala cikin ciyawa, sai ta bi shi ta zuba ƙwai a wurin da ba zurfi. A lokacin ne ta fi sauƙin kamu, har da sanda ana bugunta. A lokacin ne kuma kama ta ya fi ɓarna.

Kowane manomi ya san wannan lissafi, ko da bai taɓa shiga ruwa ba. Ba a cin iri. Ko yunwa ta yi tsanani, ana ɗaure damin iri a rataye shi can ƙuryar rumbu. Makiyayi ma ba ya sayar da karsana mai ciki sai dole ta kama shi. Ƙaramin kifi shi ne irin tafki.

GIDAN SAURO DA MAGANIN ƘWARI

Akwai abu biyu da suka fi ƙaramar raga muni.

Na farko gidan sauro ne, wanda ake kira sange. Likita yana raba shi kyauta don mata masu ciki da yara su tsira daga zazzaɓin cizon sauro. Sai wasu su ɗinka biyu ko uku su ja cikin ruwa. Idon sange ko sauro ba ya wucewa, balle ɗan kifi. Har ƙwai yake kwashewa. Ga shi kuma an jiƙa shi da maganin kashe sauro, wanda kifi ba ya jurewa. Hasara biyu ke nan: tafki ya rasa irinsa, yaro ya kwana sauro yana cizonsa.

Na biyu guba ce. A shekarun baya an san wani maganin ƙwari mai suna Gamalin, wanda wasu masunta a ƙasashen nan suka riƙa zubawa a ruwa. Kifi ya taso ciki sama, a bi da kwando a tsince. Ƙasashen duniya sun haɗu sun hana amfani da sinadarin da ke cikinsa a gona tun 2009. Amma wasu magungunan feshi suna nan a kasuwa, kuma kowane mai lambu a Jiratawa ko fadamar Tibiri yana da kwalba a bukkarsa. Ba sai mugu ya zuba da gangan ba. Wanda ya wanke famfon feshinsa a bakin tafki ko cikin kududdufin gulbi, ya zuba guba ke nan, ko ya sani ko bai sani ba. Bayan ya tafi, garken shanu zai zo ya sha. Wannan magana ta makiyaya ce ƙwarai, don su ne sukan fara ganin kifi yana yawo ciki sama da sassafe. Wanda ya ga haka ya janye dabbobinsa, ya sanar da maigari. Kuma kada kowa ya tsinci irin wannan kifi ya kai gida.

MAGANAR MASUNCI

Shi ma masunci yana da tasa hujja, kuma ba ta banza ba ce. Yakan ce yara suna gida suna jiran abin da za a dafa yau. Yakan ce in ya bar ƙaramin kifi, na bayansa ba zai bari ba. Yakan ce raga mai babban ido sai ta kwana cikin ruwa ta fito da kifi biyu. Duk gaskiya ne. Mutum ɗaya ba ya iya wannan gyara shi kaɗai. In ya gwada, shi zai yi hasara, maƙwabcinsa ya ci riba.

Abin da ya sa ta yiwu a Matan Fada shi ne dokar ta hau kan kowa rana ɗaya, kuma akwai mai tsaron ta wanda masunta suke jin kunyarsa. Ma'aikacin gandun daji yana da babur ɗaya da ƙauyuka da yawa. Ba zai kwana a bakin ruwa ba. Masunta su suke kwana a can. Sun san wanda ya sayi sabuwar raga, sun san faɗin idonta. In sarkin ruwa da ƙungiyar masunta da maigari suka zauna da ma'aikata, suka ware wani lungu na tafki suka ce nan ba a taɓawa, ko suka ce daga saukar ruwan farko zuwa wata kaza an ɗaga raga, abin zai fi kama ƙasa bisa ga takardar da aka liƙa a bangon ofis. Watannin da tarwaɗa ke haihuwa su ne watannin shuka da noma. Yawancin masuntan yankin nan manoma ne. Hannun da ya ajiye raga a lokacin ba zai rasa hauya ba.

Haka nan ƙauyukan da gwamnati ko masu aikin raya karkara suka zuba wa ƴaƴan kifi a tafkinsu. In an zuba yau aka fara kamawa jibi, an yi aikin banza. Sai an ba su watanni.

Mai saye ma yana da hannu a ciki. Muddin ana rububin tsibin ƙananan kifi a kasuwa don araha, za a ci gaba da kawo su.

Gwada raga ba wuya. A kama ido ɗaya, a zura yatsu uku na babban mutum a jere: manuni, da na tsakiya, da na kusa da shi. In sun shiga ba tare da an matsa ba, ragar ta yi. In biyu kawai suka shiga, a mayar wa mai kanti abinsa tun kafin a biya kuɗi.